Daddawa, ɓuntu da kajin Inna: zare kan baktiriya masu amfani

1/
Zaren yau na masu kiwon kaji ne, da masu shirin farawa, da waɗanda iyayensu mata ke kiwo a bayan gida. Maganar shimfiɗar ɗakin kaji ce, da wasu baktiriya da ake zuba mata da gangan. Yana da ɗan tsawo fa, ku ajiye ku karanta a nutse.

2/
Ni ɗan Bagudo ne, jihar Kebbi. Wanda bai san wajen ba: mu ne a gaɓar Kwara, ƙaramar hukumarmu ta haɗa iyaka da Jamhuriyar Benin. Lolo, Illo, Kaoje, Tsamiya, Zagga duk namu ne. Mutum zai karya kumallo da naira, ya ci abincin rana da sefa, kuma ba a kiran wannan tafiya.

3/
Innata na kiwon burola. Ba gona ba ce, ɗaki ɗaya ne a bayan gida, tana zuba ɗari zuwa ɗari da hamsin, tana auna su da Sallah ko ƙarshen shekara. Kuɗin rajistata na jami'a, rabinsa daga ɗakin nan yake fitowa. Shi ya sa in kaza ta yi atishawa a gidanmu, har a makaranta nake jin ta.

4/
Matsalar da ta daɗe tana dawowa iri ɗaya ce. Sati uku na farko lafiya lau. Da an shiga na huɗu, sai ido ya fara ruwa, wasu na kirkir a maƙogwaro da dare, tafin ƙafa ya yi baƙin miki, gashin ƙirji ya tsige. Ba su cika mutuwa da yawa ba, amma ba sa nauyi. Abinci na tafiya, nama ba ya zuwa.

5/
Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kaji da asuba ya san warin nan mai shiga hanci kamar an soka allura, har ido ya kawo hawaye. Mu dai mun taso ana cewa “ai haka kiwo yake”. Warin nan yana da suna, amoniya, kuma yana da yadda ake yi ya samu. In ka gane hanyar, ka gane rabin zaren nan.

6/
Kaza ba ta fitsari kamar akuya. Farin abin nan da kuke gani a saman kashinta shi ne fitsarinta, sinadarin yurik asid. In ya faɗi a busasshen wuri, zama yake yi shiru. In ya samu danshi da ɗumi, wasu baktiriya da ke cikin shimfiɗar su farfasa shi, a ƙarshe ya tashi a matsayin iskar amoniya.

7/
Abubuwa uku ke hura wannan wuta: ruwa, zafi, da shimfiɗar da ta karkata ɓangaren kanwa maimakon ɓangaren tsami. Zafi kam Allah Ya ba mu, daga Maris zuwa Mayu ma'auni na haura 40. Ruwa kuma, kashin kaza kansa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, ga mazubin ruwa na ɗiga, ga damina.

8/
Masana kiwon kaji na cewa kada amoniya ta wuce kashi 25 cikin miliyan a iskar ɗaki, in ta tsaya ƙasa da 10 ya fi. Abin da ke yaudarar mai kiwo shi ne hanci na sabawa. Wanda ke shiga kullum zai rantse maka babu wari. Kuma kai a tsaye kake, ita kazar hancinta na dab da inda iskar ke fitowa, dare da rana.

9/
A cikin maƙogwaron kaza akwai wasu ƙananan gasu da ke share ƙura da ƙwayoyin cuta su turo su waje. Amoniya na kashe musu ƙarfi. Da sun kwanta, ƙofa ta buɗe: ciwon numfashi ya shiga cikin sauƙi. Ita ce kuma ke ƙona ido. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ta haɗu da ita su cinye tafin ƙafa, kaza ta ƙi tashi cin abinci.

10/
Sannan ga kashin jini, wato kwaksidiyosis. Ƙwan wannan cuta na fita a kashi, amma ba ya iya kama wata kaza sai ya nuna, kuma danshi da ɗumi ke nunar da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kun ga jiƙaƙƙen wurin nan na gindin mazubin ruwa? Nan ne gonarsa.

11/
Da an ga haka, hanya ɗaya aka sani: a je wurin mai magani. Ya ba da fakiti ja, in bai yi ba ya ba da ruwan ɗorawa. Wasu fakitin ma daga tsallake suke shigowa, rubutun Faransanci ne a jiki, mai sayarwa bai iya karantawa ba, mai saye bai iya ba. Ana auna wa da murfin kwalba da “in sha Allahu”.

12/
Kaji su ɗan farfaɗo kwana uku, su koma, saboda suna nan kwance a kan abin da ya kwantar da su. A sake sayen wani. Na taɓa zama na lissafa wa Inna abin da ta kashe a magani a zubi ɗaya, ya kusa kuɗin buhun abinci biyu. Ta dube ni ta ce, “To ɗan boko, kai mi kag gani?”

13/
Na ce mata akwai baktiriya da ake zuba wa kaji a ruwa ko abinci, a kuma fesa a shimfiɗa. Ta ajiye muciya. “Mi kac ce? Ƙwayoyin cuta za ka zuba ma kajina? Wanga karatu naku lafiya dai?” Na yi dariya, amma tambayarta na kan hanya. Laifin na sunan ne.

14/
A Hausa duk wani abu mai rai da ido ba ya gani mun haɗa shi mun kira “ƙwayoyin cuta”. Kamar a ce duk wanda ya tsallaka Lolo ɗan fasa-ƙwauri ne, alhali mafi yawa kasuwa za su ko biki. Baktiriya ma haka: kaɗan ne masu cutarwa. Da yawa ba ruwansu da mu, wasu kuma aikinmu suke yi kyauta.

15/
Hujjar da ta ci Inna a madafinta take. Na ce, Inna wa ke mayar da kalwa daddawa? Kin dafa, kin surfe, kin rufe ta a ɗumi kwana biyu zuwa uku, ta yi yauƙi ta yi ƙamshi. Ba aljanu ba ne. Baktiriya ce mai suna Bacillus subtilis da 'yan uwanta. Irin wannan jinsin ne ke cikin yawancin kayan da ake sayar wa masu kaji.

16/
Makwabtanmu na Benin ma suna da tasu daddawar: Bariba na kiranta sonru, Fon na cewa afitin, Yarabawa iru. Duk aikin Bacillus ne. Nono da kindirmon da Fulanin Kaoje ke kawowa kuwa, baktiriya masu tsami ne suka kwantar da shi, dangin Lactobacillus. Mun fi ƙarni muna cin baktiriya da tuwo, sunan ne ba mu sa musu ba.

17/
Yadda abin ya shigo kiwon kaji yana da tarihi mai daɗi. A 1971 cutar Salmonella ta addabi gonakin burola a ƙasar Finland. Masana biyu, Nurmi da Rantala, suka lura da wani abu: ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe a inji bai taɓa haɗuwa da uwarsa ba, hanjinsa fili ne, duk wanda ya riga shiga shi ke da gida.

18/
Ɗan tsakon gida kuwa yana bin uwa, yana tsattsagar inda ta yi kashi, yana gadon baktiriyar hanjinta tun ranar farko. Sai suka ɗebo abin cikin hanjin lafiyayyun manyan kaji suka ba sababbin 'yan tsaki. Salmonella ta kasa samun wurin zama. Sun buga sakamakon a 1973, kuma daga nan aka gina wannan fanni.

19/
Ku ɗauke shi kamar motar haya a tashar Bagudo ranar kasuwa. In kujeru sun cika da mutanen kirki, ɓarawo ya zo sai dai ya tsaya a ƙasa. Masu amfanin na cinye wurin zama da abinci, wasu na fitar da tsami ko sinadaran da ke hana miyagun sakewa. Wannan shi ake kira furobayotik.

20/
Me ya sa duniya ta dawo kansa? Shekaru da yawa ana zuba antibayotik kaɗan-kaɗan a abincin dabbobi don su yi saurin girma. Suwidin ta hana a 1986, Tarayyar Turai gaba ɗaya ta hana daga 1 ga Janairu 2006. Dalili: ƙwayoyin cuta na sabawa da magani, ranar da mutum ya kwanta a ba shi, ya ƙi ci.

21/
Kada wani ya ce matsalar Turawa ce. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 sun mutu a 2019 kai tsaye saboda baktiriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma. Mu ke nan. Kazar da aka ɗura wa magani jiya aka yanka yau na cikin lissafin.

22/
To ta ina furobayotik ke taɓa shimfiɗa? Hanya biyu. Ta farko ta ciki: in hanji na lafiya, kashi na fita da ƙarfi maimakon zawo, shimfiɗa ba ta jiƙewa da wuri. In kuma kaza ta narkar da furotin ɗin abincinta da kyau, abin da zai fita ya zama amoniya ya ragu.

23/
Ta biyu ta waje: a fesa ko a barbaɗa su a kan shimfiɗar, su yi gasa da masu haifar da wari da masu cuta, su taimaka kashin ya ruɓe a hankali kamar taki maimakon ya dunƙule ya yi ɓawo. Bacillus ya dace da ƙasarmu saboda yana da sulke: in wuya ta yi ya dunƙule ya yi barci, zafi da bushewa ba sa kashe shi da sauƙi.

24/
Nan zan taka birki, don na san 'yan talla za su ɗauki hoton na 23 su bar wannan. Bincike a kan fesa baktiriya a shimfiɗa bai zo da baki ɗaya ba. Wasu gwaje-gwajen sun ga amoniya ta ragu, wasu ba su ga bambanci ba. Ya danganta da irin baktiriyar, yawanta, da halin ɗakin.

25/
Daddawar ma shaida ce. Ku shinshina ta da kyau, akwai ɗan warin amoniya a ciki, saboda Bacillus ɗin da ke farfasa furotin ɗin kalwa shi ma yana sakin ta. Don haka kada wanda ya jiƙa daddawa ya watsa a ɗakin kaji ya ce ni na aike shi. Jinsi ɗaya ne, amma na kwalba an zaɓo shi ne don wannan aikin.

26/
Abin da babu jayayya a kansa shi ne bushewa. Ana so danshin shimfiɗa ya tsaya tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Ba sai da na'ura ba. Ɗebi cikin hannu ka matse. In ta dunƙule kamar fura, ta jiƙe. In ta watse ƙura na tashi, ta bushe da yawa. In ta ɗan kama sannan ta warware da ka buɗe hannu, daidai ke nan.

27/
Ga abin da muka yi a zubin da ya biyo baya. Mun share ɗakin, mun wanke, mun bar shi babu kaza sati biyu. Mun zuba ɓuntun shinkafa busasshe mai kauri, wajen santimita 8 zuwa 10, maimakon ɗan sama-saman da aka saba. Kwanakin farko mun shimfiɗa takarda a kai don kada 'yan tsaki su ɗauka abinci ne.

28/
Ɓuntu kam Kebbi ba ta da uzuri. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Nuwamba 2015, ga manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu, ga ƙanana a kowane gari. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. A wasu wuraren ƙona shi ake yi don ya tare hanya.

29/
Mun ɗaga mazuban ruwa daidai bayan kaza, ana ƙara ɗagawa suna girma, aka ɗora su kan bulo ana canja musu wuri. Duk safiya ƙanena na juya shimfiɗa da manjagara, ya kwashe ɓawon da ya jiƙe ya cike da sabo. Mun rage yawan kajin kaɗan. Wannan ne ya fi yi wa Inna ciwo, ta ce kuɗi ne nake ragewa.

30/
Sai iska. Da hunturu kowa na liƙe ɗaki da leda da buhu, ga kaskon gawayi a ciki, don tsoron sanyi. Ɗumi ya samu, amma danshi da amoniya da hayaƙi ba su da hanyar fita. Muka bar ɓangaren sama a buɗe ko da dare, ƙasa a rufe don kada iska ta bugi kajin kai tsaye.

31/
Bayan duk wannan ne furobayotik ya shigo. Mun sayi na gari mai lambar NAFDAC, wanda aka rubuta sunan baktiriyar da adadinta da ranar lalacewa a jiki. Mun bi awon da ke rubuce, a ruwan sha a satin farko, da kuma duk lokacin da aka canja abinci ko zafi ya matsa.

32/
Kura-kuran da ke ɓata kuɗin mutane a nan:
Haɗa shi da antibayotik a mazubi ɗaya. Ka sayi sojoji ka sayi mai harbe su.
Zuba shi a ruwa mai kulorin ko maganin kashe ƙwayoyin cuta.
Ajiye shi a rana ko saman kwano.
Jiƙa shimfiɗa sharkaf da sunan feshi. Raɓa-raɓa ake yi, a juya.

33/
Wani abin da ake yi da kyakkyawar niyya: barbaɗa toka ko farar ƙasa a kan kashi kaji na ciki. Ido zai ga ya bushe, amma su biyun ɓangaren kanwa suke, suna tura amoniya ta tashi da ƙarfi a daidai hancin kajin. In za a yi amfani da farar ƙasa, a yi lokacin da ɗaki ke babu kowa.

34/
Abin da ke riƙe amoniya a ƙasa shi ne mai tsami. Manyan gonaki a Amurka na amfani da alam, irin wanda muke jefa wa ruwa ya kwanta, suna barbaɗawa kafin a zuba kaji. Yana aiki, amma yana da awo kuma yana iya ƙona ƙafa in an yi ganganci. Wannan sai da likitan dabbobi.

35/
Na san za a tambayi na haɗawa a gida. Akwai hanyar da manoman Koriya suka yaɗa: a ajiye ruwan wankin shinkafa a rufe da ƙyalle kwanaki har ya yi tsami, a zuba kashi 1 cikin kashi 10 na madara, a bari ta tsinke, a tace ruwan rawayan, a haɗa da mazarƙwaila don ya daɗe. Ana sirka shi sosai, kamar 1 cikin 1000, kafin feshi.

36/
Yana da arha, kuma baktiriya masu tsami ne a ciki. Sai dai a tafasa madarar ta huce tukuna, don ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka da cutar ɓari ta shanu. In haɗin ya yi ɗoyi ko baƙin fumfuna, a zubar. Na gida ba shi da tabbataccen awo, don haka ni a shimfiɗa nake ba da shawararsa, ba a ruwan 'yan tsaki ba.

37/
Da babbar murya: furobayotik ba rigakafi ba ne. Nukasil, Gumboro da murar tsuntsaye duk bairos ne, baktiriyar kirki ba ta tare su. A yi rigakafin Nukasil da Gumboro a kan lokaci, cibiyar Vom a Filato na yin su. In kaji suka fara zubewa da yawa rana ɗaya, a kira jami'in dabbobi, kada a kai kasuwa.

38/
Sakamakon a ɗakin Inna? Sati na biyar ya zo ina hutu a gida. Na tsuguna a tsakiyar ɗakin da asuba, ido bai yi yaji ba. Na ɗaga ƙafafun kaji goma, biyu ne ke da ɗan tabo. Magani sau ɗaya aka saya, shi ma likita ne ya rubuta, kuma an jira kwanakin da aka ce kafin a sayar.

39/
Ba zan ce muku garin nan ne ya yi duka ba. Ɓuntu mai kauri, mazubin da ba ya ɗiga, iska da manjagarar ƙanena su suka ɗauki babban kaya. Baktiriyar ta zo ta tarar da gida a share. In ka zuba ta a ɗakin da ya zama fadama, kuɗinka ka jefa a Kwara.

40/
Inna dai ta yanke nata hukuncin. Da makwabciya ta shigo ta ce, “Yaya, ɗakin nan naki ba ya wari, mi kika sa?” sai ta amsa, “'Yan uwan daddawa na.” Har yau haka take kiran fakitin. In zai ƙare ta kira ni a waya ta ce in taho da 'yan uwan daddawa daga birni.

41/
Akwai riba ta biyu da ba mu lissafa ba. Amoniyar da ke tashi sama ai naitirojin ne, abin da manomi ke biya da tsada a buhun yuriya. Duk wadda ta tsere ta bar takin da rauni. Busasshiyar shimfiɗa ta fi riƙe shi, ta fi sauƙin ɗauka. Masu albasa da masu shinkafar fadama na zuwa har gida da buhunansu.

42/
Amma kada a kwasa daga ɗaki kai tsaye zuwa gindin kayan lambu. A tara tsibi, a ɗan yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa. Cikinsa zai yi zafi ya haura 55 a ma'auni, wannan zafin na kwanaki ke kashe yawancin masu cutar. Su wa ke hura zafin? Baktiriya dai. Kuma tsibin ya yi nesa da ɗakin kaji da rijiya.

43/
Me ya sa na damu har na rubuta duk wannan? Saboda mai kiwo a bakin iyaka yana gasa da abin da ba ya gani. Najeriya ta hana shigo da kajin ƙanƙara tun farkon shekarun 2000, amma kowa ya san jiragen ruwa na sauke su a Kwatano fiye da abin da Benin za ta iya ci. Sauran ba sai na faɗa ba.

44/
Mun ga rufe iyaka a Agusta 2019, mun ga an fara buɗewa a Disamba 2020, ta Kamba sai Afrilu 2022. Kowane juyi na taɓa farashin masara, waken suya da kaza. Inna ba ta da iko da kwastan, ba ta da iko da canjin sefa, ba ta da iko da kuɗin ɗan tsako. Santimita goman da ke ƙarƙashin kajinta kuwa a hannunta suke.

45/
Kawuna da ke hada-hada tsakanin Lolo da Malanbil ya ce matan can ma irin kukan suke yi: ido na ruwa, ƙafa na ruɓewa, magani na cin riba. Ya sa na yi masa bayanin a saƙon murya ya juya musu da Dandanci. Cutar kaji ba ta nuna takarda a kan iyaka, gara dabarar ma ta bi ta.

46/
A taƙaice ga mai sauri:
Busasshen ɓuntu mai kauri.
Gyara mazubin ruwa.
Juya kullum, kwashe ɓawo.
Bar wa iska hanya ko da hunturu.
Kada a cunkusa.
Rigakafi a kan lokaci.
Furobayotik mai rajista, shi kaɗai a ruwa mai tsabta.
Antibayotik sai likita ya ce.

47/
Zubi mai zuwa zan raba ɗakin biyu da waya, komai iri ɗaya, ɓangare ɗaya da furobayotik ɗaya babu, in auna nauyi duk sati in rubuta. Inna ta yarda bisa sharaɗin in wani ɓangare ya rame, daga kuɗin aljihuna za a cire. Duk abin da ya fito zan kawo muku nan, ko ya yi wa 'yan talla daɗi ko bai yi ba.

48/
Ku kuma aikin gida: gobe da asuba kafin a buɗe labule, shiga ɗakin kajinku ku tsuguna daidai tsayin kaza minti ɗaya, sannan ku matse shimfiɗar a hannu. Ku dawo ku gaya min abin da kuka ji da garin da kuke. 'Yan Illo, Tsamiya da Segbana musamman ina jiranku. Allah Ya sa albarka a kiwo.